Tsakanin Montpellier da PSG, wace ce babbar ƙungiyar ƙwallon hannu a Faransa?

Tambayar ta fito daga wani malamin wasannin motsa jiki da ke koyarwa a wani kolej na unguwar Zariya a nan Maradi. Ya ce yaran da yake horarwa a ƙwallon hannu ba su san wata ƙungiyar Faransa ba sai PSG ta birnin Paris, domin ita suke gani tana ɗaukar kofi kowace shekara a talabijin da wayoyinsu, amma ya sha jin waɗanda suka riga shi shiga harkar suna cewa Montpellier ce uwa ma ba da mama. Yana so ya san tarihinta da abin da ta ci, ya kuma san ko maganar manyan tana da tushe ko kuwa begen zamanin da ya wuce ne kawai.

Malam, maganar manyanka tana da tushe, kuma abin da ya fi kofunan kansu amfani a gare ka shi ne hanyar da aka bi aka same su. An kafa ƙungiyar a shekarar 1982 a birnin Montpellier da ke kudancin Faransa, da sunan Cosmos, kuma a lokacin ba ta wuce ƙaramin kulob na unguwa ba, irin wanda ke buga wasa a ƙananan rukunoni ba tare da kowa ya san da zamansa ba. Ta sauya suna fiye da sau ɗaya yayin da take hawa mataki bayan mataki, har ta shiga rukunin farko na gasar Faransa a 1992. Shekarar ta zo mata daidai, domin a cikinta ne ƙungiyar ƙasar Faransa ta sami lambar tagulla a gasar Olamfik ta Barcelona, abin da ya sa Faransawa da dama suka fara waiwayar wasan da a baya suke ɗauka na ƴan makaranta ne da malamansu.

A 1994 shugabannin kulob ɗin suka ɗauko Patrice Canayer, matashi ɗan shekara 33 haifaffen Nîmes, suka damƙa masa horar da ƙungiyar. Bai bar kujerar ba sai a 2024. Duk wanda ke bin wasanni ya san cewa shekara 30 a hannun mai horarwa ɗaya abu ne da ba a cika gani ba, musamman a wannan zamani da rashin nasara a wasa uku a jere kan isa a sallami mutum. A kakarsa ta farko, wato 1995, Montpellier ta zama zakaran Faransa, kuma a shekarar ce Faransa ta ɗauki kofin duniya na farko a Iceland. Ƙungiyar da Montpellier ta sha gabanta a lokacin ita ce OM Vitrolles, wadda Jean-Claude Tapie ya gina da kuɗi, ya tara mata manyan ƴan wasan ƙasa irin su Jackson Richardson, har ta ci wani kofin Turai a 1993. Vitrolles ta sake zama zakara a 1996, amma a shekarar ce bashi ya durƙusar da ita, aka jefa ta ƙananan rukunoni, taurarinta suka watse zuwa Jamus da sauran wurare. Shugabannin Montpellier sun ga wannan da idonsu, kuma a ganina ya taimaka wajen sa su riƙe hanyar da suka riƙe.

Daga 1995 zuwa 2012 Montpellier ta lashe gasar Faransa sau 14 cikin kaka 18. Sau huɗu kawai kambun ya kuɓuce mata: Vitrolles a 1996, Ivry a 1997 da 2007, sai Chambéry a 2001. Ta yi shekara 5 a jere tana zakara daga 2002 zuwa 2006, ta kuma maimaita hakan daga 2008 zuwa 2012. A zamanin Canayer ta ɗauki Kofin Faransa sau 13, da kofin ƙungiyoyin ƙwararru, wanda suke kira Coupe de la Ligue, sau 10. Waɗannan alƙaluma kaɗai sun isa a kira ta babba a cikin gida, amma mai gardama a fada zai iya cewa gasar Faransa ta lokacin ba ta kai ta Jamus ko ta Sifaniya ƙarfi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ke rufe bakinsa shi ne abin da ya faru a 2003.

A wancan lokaci wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai gida da waje ake yin sa, a haɗa ƙwallayen wasanni biyu. Montpellier ta haɗu da Portland San Antonio ta birnin Pamplona a Sifaniya, wadda ta ci kofin a 2001, kuma Jackson Richardson ne ke jan ragamar wasanta. A Pamplona aka doke Montpellier da ci 27 da 19. Kai da kake horarwa ka san abin da tazarar ƙwallo 8 ke nufi a wannan wasa. Ko da yake kowace ƙungiya kan kai hari sau 50 ko fiye cikin minti 60, idan ƙarfi ya zo ɗaya da wuya tazara ta wuce ƙwallo 3 ko 4, saboda duk wanda aka ci yakan karɓi ƙwallo nan take ya rama. Abin da ya hana wasan farko zama mutuwar murus shi ne wani yaro ɗan shekara 19, Nikola Karabatic, wanda shi kaɗai ya zura 11 daga cikin ƙwallaye 19 na ƙungiyarsa. A ranar 4 ga watan Mayu aka yi wasa na biyu a Montpellier, a zauren René-Bougnol, wanda bai ɗaukar mutum fiye da kimanin 3,000, inda ƴan kallo ke zaune dab da layi har ihunsu kan hana ƴan wasa jin umarnin mai horarwa. Montpellier ta ci 31 da 19, jimilla 50 da 46, ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki wannan kofi.

Idan za ka nuna wa yaranka wani abu daga wannan wasa, ka ja hankalinsu kan 19 ɗin da aka bar Portland a kai, kafin 31 ɗin da aka zura mata. Montpellier tana da masu tsaron raga biyu na ƙungiyar ƙasa, Thierry Omeyer da Bruno Martini, a tsakiyar tsaronta kuma akwai Didier Dinart, mutumin da ya yi suna a duniya ba don cin ƙwallo ba. Da yake dokar wasan ta yarda a sauya ƴan wasa a kowane lokaci ba tare da an tsayar da agogo ba, irin su Dinart kan shigo da gudu da zarar ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, su tsaya a bakin layin mita 6 suna tare mai jifa da ƙirji, suna danne ɗan wasan da ke kutsawa tsakaninsu, sannan su fice idan ƙungiyarsu ta karɓi ƙwallo. Yadda ake cike tazara mai yawa a ƙwallon hannu ke nan: tsaro ya tilasta wa mai jifa ya jefa daga nesa ko daga kusurwa mara kyau, mai tsaron raga ya tare, ya cilla doguwar ƙwallo ga ɗan wasan gefe wanda tuni ya kwasa da gudu, a ci kafin abokan hamayya su koma mazauninsu. A gefen hagu Montpellier tana da Michaël Guigou, ɗan shekara 21, wanda ba shi da girman jiki amma saurinsa da wayon hannunsa sun sa ya yi shekara 20 a kulob ɗin, daga 1999 zuwa 2019. Yaranmu a nan kowa so yake ya zama mai jifa daga mita 9, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da kansa ya ce a koya masa tsaro, alhali wannan kofi a tsaro aka ci shi.

Karabatic da Guigou ba sayo su aka yi suna taurari ba. Tun suna samari suka shigo, a gidan suka girma. Tsarin Faransa yana da matakai: hukumar wasan ta ƙasa tana da cibiyoyi a jihohi inda ake haɗa yara masu baiwa ƴan matakin lise, suna karatu suna atisaye, daga nan manyan kulob su ɗauki waɗanda suka fi fice zuwa makarantunsu na horarwa, inda matashi ke ci gaba da karatu, yana buga wa ƙungiya ta biyu wasa a ƙaramin rukuni, lokaci-lokaci kuma a kira shi atisaye da manya. Montpellier ta ɗauki wannan makaranta da muhimmanci fiye da yawancin takwarorinta. Daga cikinta William Accambray ya fito, da Mathieu Grébille, da Ludovic Fabregas, har da Luka Karabatic, ƙanen Nikola, wanda wasan tanis yake yi tun farko kafin ya juyo ƙwallon hannu ya kai ga ƙungiyar ƙasa. Amfanin wannan yana bayyana ne a ranar da mai kuɗi ya zo. Dinart ya tafi Ciudad Real ta Sifaniya a 2003, Nikola ya tafi Kiel ta Jamus a 2005, Omeyer ya bi shi a 2006, su biyun suka ci kofin Turai a can a 2007, amma Montpellier ba ta daina cin gasar gida ba. Halinta ya yi kama da na manomin da ke ware irinsa a rumbu tun kaka, wanda idan damina ta faɗi ba ya zuwa kasuwa neman abin shuka a kan farashin da ɗan kasuwa ya ga dama.

Ba zan ɓoye maka cewa akwai kuɗin hukuma a cikin wannan nasara ba. A Faransa ƙananan hukumomi da jihohi suna tallafa wa kulob na ƙwararru, su ne kuma ke gina zaurukan wasa. Georges Frêche, wanda ya riƙe magajin garin Montpellier daga 1977 zuwa 2004, ya ɗauki wasanni a matsayin hanyar tallata birninsa, kuma daga 2007 zuwa 2015 sunan kulob ɗin ma yana ɗauke da kalmar Agglomération, wato haɗakar ƙananan hukumomin yankin da ke ba shi tallafi. A 2010 aka buɗe babban zaure mai ɗaukar kimanin mutum 9,000 inda ake kai manyan wasanni. Saboda haka kada a faɗa wa yara cewa ƙwazo kaɗai ya yi aikin. Abin yabon shi ne tallafin ya dore, waɗanda suka karɓe shi kuma sun zuba wani kaso a kan yara da masu horar da su.

Akwai ɓangaren tarihin da ya shafe mu a matsayinmu na ƴan Afirka. Lokacin da Tunisiya ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya a 2005 ta zo ta huɗu, ɗan wasanta Wissem Hmam ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, kuma a shekarar Montpellier ta ɗauke shi don cike gurbin da Karabatic ya bari. Ɗan ƙasarsu Issam Tej, wanda ke wasa a bakin layin mita 6, ya zo a 2006 ya daɗe yana cikin ginshiƙan ƙungiyar. Mai tsaron raga Daouda Karaboué, haifaffen Abidjan da ya buga wa Faransa, shi ma ya yi shekaru a can. A tawagar da ta ci wa Montpellier kofin Turai na biyu a 2018 akwai Mohamed Mamdouh ɗan Masar. Bai zama abin mamaki ba da yawancinsu daga arewacin nahiyar suka fito, tunda Masar da Tunisiya da Aljeriya ne suka mamaye gasar Afirka, kuma su ma sirrinsu ɗaya ne da na Montpellier, wato kulob masu rukunin yara da gasar da ba ta yankewa.

Shekarar 2012 ce ta raba tarihin gida biyu, kuma abubuwa biyu ne suka haɗu a cikinta. Na farko abin kunya ne. A ranar 12 ga watan Mayu, bayan Montpellier ta riga ta tabbatar da kambunta, ta je wasa da Cesson-Rennes, wadda ke fafutukar kauce wa faɗawa ƙaramin rukuni, aka doke ta 31 da 28. Kamfanin cacar ƙasar Faransa ya lura an zuba kuɗi da ba a saba gani ba, kusan yuro 88,000, wato sama da miliyan 57 na sefa, a kan cewa Cesson ce za ta kasance a gaba idan aka tafi hutun rabin lokaci, kuma haka aka yi. Bincike ya kai ga wasu ƴan wasan kulob ɗin da makusantansu. A ƙarshen watan Satumba ƴan sanda suka kama wasunsu a Paris jim kaɗan da tashi daga wasa, ciki har da ƴan'uwan nan biyu Karabatic. Nikola, wanda ya dawo daga Kiel a 2009, bai buga wasan Cesson ba, kuma ya musanta zargin tun daga farko har ƙarshe. Wasu sun amsa cewa sun yi cacar amma sun musanta cewa da gangan aka sayar da wasan. A 2015 kotu ta same su da laifin zamba ta ci su tarar kuɗi, a 2017 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara wa Nikola ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 2. Ƙungiyar da aka yi shekaru ana ginawa ta rasa wasu taurarinta cikin ƴan watanni, Nikola ya koma Aix a farkon 2013, daga nan Barcelona, daga baya PSG. Ina ganin wannan babi ya cancanci a karanta wa yaranka shi kamar yadda za a karanta musu na 2003, tunda yanzu caca a kan wasanni tana cikin wayar kusan kowane saurayi a garin nan, kuma ɗan wasan da ya fara zuba kuɗi a kan wasan da yake da hannu a ciki ya riga ya zubar da amanar abokansa ko da bai saki ƙwallo ɗaya da gangan ba.

Abu na biyu shi ne shigowar kuɗin Katar. A 2012 kamfanin Qatar Sports Investments, wanda ya riga ya mallaki PSG ta ƙwallon ƙafa, ya sayi kulob ɗin ƙwallon hannu na Paris, ya ɗauko Mikkel Hansen ɗan Denmak da wasu manyan ƴan wasan ƙasar Faransa. PSG ta ci gasar a 2013, Dunkerque ta ci a 2014, daga 2015 zuwa 2024 kuwa PSG ta yi shekara 10 a jere ba wanda ya karɓe kambun daga hannunta. Wannan ne zamanin da yaranka suka buɗe ido a ciki, don haka ba laifinsu ba ne da suka ɗauka tun fil azal haka abin yake. Omeyer, wanda ya dawo Montpellier a 2013, shekara ɗaya kawai ya yi ya wuce Paris shi ma.

Mutane da yawa sun ɗauka Montpellier ta gama yawo, sai ga kakar 2018. A tsarin Gasar Zakarun Turai na lokacin akwai manyan rukunoni biyu da ƙananan rukunoni biyu, kuma Montpellier a ƙananan aka sa ta, inda sai an bi ta wani ƙarin zagaye kafin a isa cikin ƴan 16. Ta tsallake, ta fitar da Barcelona, ƙungiyar da ta fi kowa yawan wannan kofi a tarihi, sannan ta fitar da Flensburg ta Jamus. Tun 2010 ake kammala gasar a birnin Kolon na Jamus, ƙungiyoyi huɗu cikin kwana biyu, kuma a wannan shekara uku daga cikinsu na Faransa ne: Montpellier da Nantes da PSG, ta huɗun kuma Vardar ta Makedoniya mai riƙe da kofin. Kowa ya zuba ido a kan PSG, amma Nantes ta yi waje da ita. Montpellier ta doke Vardar da ƙwallo ɗaya tak, 28 da 27, washegari 27 ga watan Mayu ta doke Nantes ta ɗauki kofin karo na biyu. Diego Simonet ɗan Ajantina ne aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshen, Vincent Gérard na raga, Fabregas ɗan gida yana bakin layi, Guigou kuma shi kaɗai ne ɗan wasan da ya rage daga tawagar 2003. A cikin tawagar akwai Melvyn Richardson, ɗan Jackson ɗin nan da Montpellier ta ƙwace wa kofi shekara 15 kafin nan.

Idan aka zo kwatance, har zuwa lokacin da Canayer ya sauka a 2024 PSG ba ta taɓa cin Gasar Zakarun Turai ba duk da dukiyar da aka zuba mata. Ta kai wasan ƙarshe a 2017, Vardar ta doke ta 24 da 23. Montpellier ce kaɗai ƙungiyar Faransa da ta ɗaga wannan kofi, har sau biyu, kuma a gasar gida tana da 14 yayin da PSG ke da 11 a lokacin. Ba na jin za a daɗe PSG ba ta kamo wannan adadi na gida ba, domin tazarar kuɗi tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Kada kuma a kai Montpellier inda ba ta kai ba: a ma'aunin Turai tana bayan Barcelona da nisa, tana bayan Kiel mai kofi 4, kuma tun 2012 ba ta sake cin gasar Faransa ba har ƙarshen zamanin Canayer. Bayan nasarar 2018 ma abin da aka saba ne ya sake faruwa, Fabregas ya tafi Barcelona a shekarar, Gérard ya koma PSG a 2019, Melvyn Richardson ya bi sahun Fabregas a 2021. Akwai kuma masu ganin cewa tattara horarwa da ragamar gudanarwa a hannun mutum ɗaya na tsawon shekara 30 yana da nasa haɗarin, kuma yadda aka rabu da Guigou a 2019, ya koma Nîmes bayan shekara 20 yana hidima, bai yi wa magoya baya da yawa daɗi ba.

Wanda ya gaji Canayer shi ne Érick Mathé, mataimakinsa a lokacin nasarar 2018, wanda ya je ya horar da Chambéry na shekara 6 kafin a kira shi ya dawo. Aikin da ke gabansa shi ne wanda magabacinsa ya yi ta fama da shi tun 2012, wato haɗa tawagar da za ta iya ja da PSG da Nantes a gida da kuɗin da bai kai na Paris ba, yana sane da cewa duk yaron da ya yi fice a hannunsa, Barcelona ko wani kulob na Jamus na nan tafe da tayin da Montpellier ba za ta iya biya ba.